Nagoggo da Littattafan Damina

Sunansa na yanka Salisu, amma in ba a takardarsa ta tuƙi ba, babu inda za ka gamu da wannan suna. Mahaifiyarsa ta rasu yana goye, ƙanwar babansa ta ɗauke shi ta raine shi, sai duk garin Hawata aka riƙa ce masa Nagoggo, ya kuwa tsufa da sunan. Mahaifinsa Malam Wada yana ɗan ƙanƙane aka shigo da shi ƙasar Sudan a bayan jaki, cikin ayarin masu niyyar Makka daga yamma. Iyayen Malam Wada suka sauke farali, a hanyar komawa suka tsaya a Hawata, bakin kogin Rahad, don su noma damina ɗaya su sami guzuri. Ba su sake ɗaura kaya ba.

Nagoggo ya yi allo, ya kuma yi 'yan shekaru a makarantar gwamnati, daidai yadda Larabcin littafi ya zauna masa a baki, sannan aka cire shi saboda gona tana neman hannu. Karatun dai bai fita daga jikinsa ba. In aka ƙunso masa sukari a takardar jarida, sai ya juye sukarin, ya shimfiɗa takardar a gwiwa, ya karanta rabin labarin da ya samu, ya yini yana tunanin yadda sauran rabin ya ƙare.

Kafin ya zama saurayi taraktoci sun cika filayen Gadarif. Masu hali suna karɓar manyan gonaki daga gwamnati, irin waɗanda in ka tsaya a wannan gefe ba ka hango wancan, ana shuka dawa da riɗi da inji. Nagoggo ya koyi tuƙin tarakta, ya iya, ya koma Gadarif da zama, ya auri Atika 'yar unguwarsu, suka haifi 'ya mace, Hajo. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, mai jinkirin magana. In ka tambaye shi abu sai ya dube ka ya yi shiru, har ka zaci bai ji ba, sannan ya amsa.

Bayan kasuwar hatsi, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da igiya, akwai ɗan shagon wani dattijo da ake kira Sharu. Shi ma jikan mahajjata ne, siriri, da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Yana sayar da alƙaluma da littattafan 'yan makaranta da jaridun Khartum da jirgin ƙasa ke kawowa bayan labarinsu ya huce. Can ciki kuma akwai kanta guda ta littattafai iri-iri daga Khartum da Alƙahira da Bairut. Nan Nagoggo ya sami wurin zuwa da rani, lokacin da tarakta ke hutawa. Sai ya sayi fensir, don kada a ce ya shigo a banza, ya raɓe jikin kantar ya yi ta karatu a tsaye. Gidansa ya cika da fensira, har Atika ta fara tambaya ko makaranta zai buɗe.

Wata rana da hantsi Sharu ya ɗago kai ya ce, "Kai mai baƙin mai a farce, tun yaushe kake cin littafin nan a tsaye?"

Kunya ta kama Nagoggo. Ya mayar da littafin a hankali ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Ban lanƙwasa ko shafi ɗaya ba."

"Ban ce ka lanƙwasa ba. Zo ka zauna. Yaya ka gan shi?"

"Wa?"

"Littafin mana."

Nagoggo ya waiwayi kantar. Can ya ce, "Farkonsa da daɗi. Daga tsakiya mai shi ya gaji, amma ya ƙi tsayawa."

Sharu ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido. Ya sa aka kawo musu jabana, gahawar nan mai citta da ake zubawa daga 'yar tukunyar ƙasa, sannan ya faɗa masa damuwarsa. Dillalin da yake hulɗa da shi a Khartum, duk gab da damina yakan aiko masa da sababbin littattafai, kowanne kwafi ɗaya, don ya duba ya zaɓi waɗanda za a kawo masa da yawa bayan kaka, lokacin da mutane ke da abin saye a hannu.

"Da can ni nake karanta su," in ji shi. "Yanzu ido ya fara yi mini gardama. Bara da ka na zaɓa, na cika kanta da abin da ko gara ta ƙi ci. Kai ina kake damina?"

"Kambo, Baba. Can wajen hanyar Gallabat."

"In an gama shuka me kake yi?"

"Jiran ciyawa."

"Madalla," in ji Sharu. "To bana za ka jira ta da abokai."

Kambo shi ne sansanin ma'aikata a tsakiyar gona: 'yan bukkoki, rumfa guda, gangunan mai, da tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama. Ƙasar wurin baƙa ce, da rani ta tsattsage kamar tsohuwar fata, da ruwa ya sauka kuma ta zama laka mai danƙo da ke cire wa mutum takalmi. Da zarar damina ta kankama babu motar da ke shiga ko fita sai kaka. Wanda ke ciki yana ciki. A wannan shekara, cikin kayan da aka loda wa motar ƙarshe, har da wani akwatin ƙarfe da Nagoggo ya naɗe da buhu, ya kuma hana kowa zama a kai. Littattafai biyar ne a ciki: na waƙoƙi, na tarihi, na girki, na falsafa, da wani siriri mai hotuna na yara.

Da farko shi kaɗai yake karatunsa a inuwar tarakta bayan la'asar. Arzika, kukun sansanin, wani gurgu mai yawan surutu, shi ya fara leƙowa. Ya ga hoton faranti a bangon wani littafi ya ce, "Direba, wannan fa? Har abinci ake rubutawa?"

Nagoggo ya karanta masa shafi ɗaya. Kashegari aka yini ana ruwa, babu fita, mutane suka cunkushe a rumfa, Arzika ya ce a karanta wa jama'a abin da aka karanta masa. Masu cire ciyawa ne daga ko'ina, Hausawa da mutanen Darfur da na duwatsun Nuba da Habashawa da suka tsallako iyaka, Larabcin kasuwa ne ya haɗa su. Tun da suka zo abin da suke ci bai wuce tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa ba, sai ɗan busasshen kifi in an yi sa'a. Nagoggo ya gyara murya ya karanto yadda ake cusa wa ɗan rago shinkafa da zabibi da gyaɗar waje, a shafe shi da man shanu, a gasa shi a hankali har naman ya riƙa sakin ƙashi. Rumfa ta yi tsit. Wani ya haɗiyi yawu da ƙarfi, aka fashe da dariya.

Daga ranar littafin girki ya zama abin nema. In an zauna cin tuwo sai a ce, "Direba, zuba mana ragon nan." Wani ya ce a'a, yau kaza da lemon tsami yake so. Har gardama ake yi a kan wanda za a karanta, kamar da gaske za a ci.

Littafin waƙoƙin bai sami irin wannan karɓuwa ba. Sabon salo ne, babu amsa-amo, kuma yawancinsa kan titunan wani babban birni ne da babu wanda ya taɓa gani a cikinsu. Mutane suka riƙa gyangyaɗi. Amma akwai waƙa ɗaya, gajeruwa, ta mutumin da ya bar garinsu ya daɗe, yana tuna ƙarar ƙofar ɗakin mahaifiyarsa in an tura ta. Da Nagoggo ya kai ƙarshenta, wani dogon mutumin Darfur da ba ya magana da kowa ya miƙe, ya shiga cikin dawa, bai fito ba sai da aka kira magariba. Babu wanda ya tambaye shi komai. Arzika dai ya ƙara masa miya.

Na falsafa kuwa shi ya wahalar da Nagoggo. Ya karanta shafi, ya koma baya, ya sake. Wata rana ya ce wa kukun, "Mutumin nan tambaya yake yi, in ka juya wa tukunyar nan baya, ta yaya ka san tana nan?"

"Ya zo ya juya mata baya tuwo ya ƙone," in ji Arzika. "Ma'aikata za su sanar da shi."

Nagoggo ya yi dariya, amma tambayar ba ta sake shi ba. Yana kan tarakta, layi bayan layi, sai ya tsinci kansa yana waiwayen gonar da ya bari a baya. Ya yi tunanin Atika da Hajo a Gadarif, waɗanda ya juya wa baya tun farkon ruwa, bai kuma taɓa shakkar suna nan ba. Ya so ya san me mai littafin zai ce kan wannan, amma ya kasa kaiwa inda ya faɗa.

Riɗi ya nuna, aka yanke shi da gaggawa kafin ya fashe ya zube, dawa ta biyo baya, hanya ta bushe. Nagoggo ya kwana ɗaya a gida, da safe ya ɗauki akwati a ka ya nufi shagon Sharu. Dattijon ya ji saukar akwatin kafin ya ga mai shi.

"Alƙali ya dawo," in ji shi. "A kawo jabana."

Nagoggo ya fito da littattafan ɗaya bayan ɗaya, gefensu ya ɗan kumbura saboda laima. Ya ce na girki a kawo da yawa, ko da ba don girki ba. Ya ba da labarin rumfa, Sharu ya yi ta dariya yana buga cinya. Ya ce na waƙoƙi a kawo kaɗan, domin waƙa ɗaya ce mai rai a ciki, amma wannan ɗayar ta isa a sayi littafin dominta. Na tarihi ya ce a dakata masa, yana so ya kai shi Hawata tukuna. Da aka zo kan na falsafa ya daɗe yana juya shi a hannu.

"Baba, ban gane shi ba. Ba zan ce ba shi da kyau ba, don ban kai inda zan sani ba. Na dai san ya hana ni sakat."

"To wannan ai shi ma hukunci ne," in ji Sharu. "Za a kawo biyu. Ɗaya na wanda Allah zai kawo, ɗaya naka, ka ci gaba da fama."

"Wannan kuma," Nagoggo ya ɗaga siririn nan mai hotuna da yatsa biyu, "kada ka ɓata wuri. Wai ɗan akuya ne ya shiga jirgin ƙasa bisa kuskure, yana ta tambayar fasinjoji hanyar gida. Akuya ba ta magana. Jirgi kuma ba ya tsayawa don akuya."

"Kai wa 'yarka ta yi wasa da hotunan," in ji Sharu.

Hajo ba ta daɗe da shiga makaranta ba a lokacin. Ta kawo masa littafin bayan azahar ta ce ya karanta mata. Ya karanta da muryar wanda ake tilasta wa. Da aka zo inda kowa ya kori ɗan akuyan, sai wata tsohuwa mai kwandon albasa ta matsa masa ya zauna kusa da ita, ya ji yarinyar ta ƙanƙame masa hannu. Ya duba, hawaye ne ke zuba a kumatunta. Ya tsaya.

"Baba, ci gaba," ta ce. "Zai kai gida?"

Ya ci gaba. Da aka gama ta ce a sake. Kafin rana ta faɗi ta tara 'yan matan maƙwabta, ta tsaya a tsakiyarsu tana ba su labarin da ka, har da kukan akuya. Washegari tun shago bai gama buɗewa ba Nagoggo yana tsaye a ƙofa.

"Baba, na zo in janye maganata. Littafin nan ba ni aka rubuta wa ba."

Tun daga nan aikin ya zama na gida duka. Na yara Hajo ce ke yanke hukunci, shi kuma ya zauna yana kallon fuskarta. Na girki kuwa Atika ta ce ba ta yarda da shaidar masu yunwa ba, a kawo mata ta gwada. Ba ta iya karatu ba, shi yake tsugunawa a bakin madafa yana karanto mata, hayaƙi na sa shi hawaye. Ta ce matar da ta rubuta littafin tana da tanda irin ta gidan manya da ma'aunin awo, ba ta san murhu ba. Duk da haka ta zaɓi wata alewar riɗi da dabino ta gwada. Ta farko ta kama tukunya. Ta biyu ta rage wuta, ta yi awon da ludayinta, ta fito yadda ake so. Ta ƙunsa wa Sharu a ganye ta ce, "Ka ce masa matar ta iya, bayani ne ba ta iya ba."

Littafin tarihin nan ya kai shi Hawata, domin ya ga wani abu a ciki da ya tsaya masa a rai. Babban littafi ne kan gabashin Sudan, sarakuna da yaƙe-yaƙe da zuwan jirgin ƙasa. A cikinsa duka, mutanensu layi biyu suka samu: cewa wasu mahajjata daga yammacin Afirka sun zauna a bakin koguna, sun zama hannun aiki a gonaki. Nagoggo ya karanta wa Malam Wada wurin yana huci. Tsohon yana kishingiɗe a inuwar darbejiya, idonsa a rufe.

"Shi ke nan fa, Baba. Hannun aiki. Ba su ce kun sare daji ba, ba su ce kun kafa gari ba."

Malam Wada ya buɗe ido. "Sake karantawa."

Ya sake.

"Ashe sun san mun zo," in ji tsohon a hankali. Ya miƙa hannu ya ce a ɗora masa yatsa a kan layin. Ya daɗe yana shafa wurin. Sannan ya fara ba da labarin hanyar, abin da Nagoggo bai taɓa ji daga bakinsa ba: rijiyar da suka tarar ta ƙafe, ƙanwarsa da aka binne a gindin wata bishiya da ba zai iya gane ta ba yanzu, da ranar da ya fara ganin kogin Rahad ya zaci shi ne tekun da ake tsallakawa zuwa Makka. Suna nan har inuwa ta bar su. Da Nagoggo ya koma Gadarif ya ce wa Sharu a kawo littafin. Ya ce ya gajarta, amma bai yi ƙarya ba, kuma ya buɗe bakin wani tsoho.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka, akwati na zuwa kambo yana dawowa. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suka saba tambaya a shago, "Wanne direban ya yaba bana?" Wani lokaci ya dace, wani lokaci abin da ya yaba ya yi ta kwana a kanta. Sharu bai taɓa yi masa gori ba.

Sau ɗaya ne abin ya zo da ɓacin rai. Wani malamin Larabci a makarantar sakandare, Ustaz Aliyu, ya buga littafin waƙoƙinsa a Khartum, ya kawo shago da zumuɗi, aka sa a akwati. Bayan kaka ya zo jin sakamako, shago cike da mutane. Nagoggo ya faɗi abin da ya gani yadda ya saba, ba tare da ya lura da masu sauraro ba. Ya ce yawancin waƙoƙin sun sa manyan kalmomi kamar rigar aro, mai shi bai sake a ciki ba. Kafin ya kai ga sauran maganar, Ustaz Aliyu ya tattara takardunsa ya fita.

Da shago ya watse Sharu ya ce, "Ɗana, abin da ka faɗa haka yake. Amma wannan ba daga Bairut ya aiko ba. A nan yake sallah, ɗalibansa na wucewa ta ƙofar nan."

Nagoggo ya kasa cin abinci ranar. Da Juma'a ta zagayo, bayan an sauko, ya je gidan malamin ya yi sallama. Ustaz Aliyu ya fito fuska a ɗaure, bai ko shimfiɗa tabarma ba.

"Ustaz, na yi kuskuren wuri, ka yafe mini. Kuma ka tafi ban gama ba."

Sai ya tsaya nan a ƙofar gida, hannuwansa a baya kamar ɗalibi, ya karanto da ka wata 'yar waƙa daga ƙarshen littafin, wadda malamin ya yi wa mahaifiyarsa tana sheƙar riɗi a faifai, iska na kwashe ƙaiƙayi tana zuba mata a gira. Bai tsallake kalma ba.

"Wannan ban yi niyyar haddace ta ba," in ji shi. "Ita ta zauna. Masu yankan riɗi sun sa na maimaita ta har na gaji. In da irinta a wurinka, Ustaz, mu muna so."

Malamin ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ita ce na so in cire. Na ga kamar ta yi sauƙi da yawa." Ya juya ya ƙwala wa na cikin gida kira a kawo tabarma da shayi.

Idon Sharu ya ci gaba da tafiya har ya rufe gaba ɗaya. Ɗansa Ɗantsoho ya karɓi ciniki, shi kuwa ana kawo shi da safe a zaunar da shi a kujerarsa. A lokacin ne Nagoggo ya lura tambayoyin dattijon sun canja. Da can cewa yake, a kawo ko kada a kawo? Yanzu sai ya ce, "To daga nan sai me ya faru?" Nagoggo ya gane. Sai ya daina taƙaitawa. Bayanin da yake gamawa kafin jabana ta huce ya koma na rani guda, kullum da hantsi, littafi bayan littafi, wani wurin ya karanta, wani wurin ya ba da labari.

Shekarar babban fari ruwa bai sauka ba, taraktoci suka tsaya, garin ya cika da baƙi masu neman abinci. Babu mai sayen littafi, dillalin Khartum ma bai aiko da komai ba. Nagoggo ya yi ta aikin dako a tasha don ya ciyar da gida, amma ko a wannan shekara bai fasa zuwa ba. Suka koma kan tsofaffin da ke kanta. Sharu ya fi son na yara.

"Karanto mini na su Hajo," yakan ce. "Su ba sa ɓoye abin da suke nufi."

Bayan farin da 'yan shekaru, wata damina mai albarka, Sharu ya rasu. Nagoggo yana kambo, laka ta rufe hanya, bai ji ba sai da motar farko ta shigo ɗaukar riɗi. Direban motar ya faɗa masa yana sauke ganga, a zatonsa ya sani. Nagoggo ya zauna a kan tayar tarakta. A bukkarsa akwatin na nan, ya karance komai, ya tsara abin da zai faɗa kan kowanne, har da wani wuri a littafin tarihin teku da ya san zai ba dattijon dariya.

Ya je ya yi ta'aziyya, ya je maƙabarta ya yi addu'a. Ya mayar wa Ɗantsoho akwati, shi kuwa ya ce ya riƙe, domin shagon zai koma na kayan gyaran tarakta, abin da kasuwa ke nema ke nan. Nagoggo bai ga laifinsa ba. Ya kai akwatin gida ya tura ƙarƙashin gado.

Ranin nan ya zama wani iri. Da hantsi sai ya sa riga ya fito tsakar gida, ya tsaya, ya koma ya zauna. Atika tana kallonsa. Wata safiya tana soya gahawa a kasko ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Baban Hajo, littafin tekun nan, me aka ce a ciki?"

"Ba abin da zai dame ki ba ne."

"Kai ka sani? Shekara da shekaru kana kwasar labari kana kai wa kasuwa, ni sai na tukunya ake karanto mini. Ni ba kunne gare ni ba?"

Ya dube ta. Sannan ya tashi ya jawo akwatin.

Atika ba irin Sharu ba ce wajen sauraro. Shi yakan gyaɗa kai, ita kuwa katse shi take yi. Ta ce wannan sarkin wawa ne, ta ce wannan mawaƙin bai taɓa rashin kowa ba, ta ce a koma baya ba ta yarda da yadda ya fassara wancan wuri ba. Da gardama ta yi yawa sai ta ce ita fa ta gaji da karɓar magana daga bakinsa, ya nuna mata baƙaƙen ta gani da idonta. Ya barbaɗa gari a tire ya zana mata alif da yatsa. Tana da jikoki a lokacin. Ta yi ta fama rani biyu, tana jin haushi tana dawowa.

Gadon bayan Nagoggo ya gaji da girgizar tarakta, ya ajiye tuƙi. Hajo ta zama malama a makarantar 'yan mata, kuma duk lokacin da aka kawo sababbin littattafai don ɗakin karatunsu, takan biyo da su gida tukuna. Wanda ya wuce ta ƙofarsu da safe yakan hango su a rumfa, tsoho da tsohuwa a tabarma ɗaya. Atika na bin layi da yatsa tana haɗa kalma a hankali, shi kuma ya kafe idonsa a kan bakinta, leɓɓansa na motsi, ya san kalmar tun tuni amma ya danne ta.

"Kada ka faɗa mini," takan ce.

"Ban ce komai ba."

"Na ji kana shirin cewa."

Sai ya kama bakinsa da hannu, ya jira ta har ta iso.